Filin Iyali: In lakwal ta rufe, wa zai karantar da yaro?

A daminar 2024 ruwa ya yi yawa a ƙasar Nijar. Gidaje sun faɗi, gonaki sun nutse. A cikin Birnin Damagaram tsohon masallacin ƙasa, wanda aka gina tun zamanin sarakunan dauri, ya rushe a farkon watan Satumba. Mutanen da suka rasa gidajensu an sauke su cikin azuzuwan lakwal. Don haka gwamnati ta ɗage komawa karatu daga ranar 2 ga Oktoba zuwa ranar 28 ga wata. Kafin wannan, a shekarar 2020, cutar korona ta sa an rufe makarantu duka, daga 20 ga Maris har 1 ga Yuni.

Waɗannan rufewa biyu kowa ya ji su a rediyo. Amma akwai wata rufewa da ba a yi mata shela. A ƙauyuka da yawa aji rumfar kara ce. Ba a yin ta sai an gama girbin hatsi an samu kara, wato sai Nuwamba, wani wurin har Disamba. Ruwan farko in ya zo da iska ya kwashe rumfar, karatun shekara ya ƙare ke nan. Tsakanin nan ga yajin aikin malamai, ga mushe ya tafi birni karɓar albashi ya kwana uku. Wani ƙauyen ma babu lakwal sam, sai yaro ya taka kilomita 5 ko fiye. Makiyayi kuwa, lakwal tana tsaye wuri ɗaya, shi yana tafe da bisashensa.

Duk kwanakin nan yaro yana gida. Shi ya sa iyaye da dama, musamman waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci, suka ce bari su gwada karantar da ƴaƴansu da kansu. Wasu sun ci riba. Wasu sun gaji sun bari. Abin da ke kawo ribar da abin da ke kawo gajiyar, shi ne maganar wannan wata.

Karantar da ɗa a gida ba baƙon abu ba ne a Damagaram. Tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, tun Nasara bai zo ba, makaranta zaure ce. Malami yana zaune bisa buzu, ƴaƴansa na cikinsa suna gabansa, ƴaƴan maƙwabta suna gefe. A fara da babbaƙu, a wuce farfaru, yaro ya iya haɗa baƙi, ya riƙa wanke allo har ya sauke izu sittin. Ƴan mata kuma sau da yawa cikin gida suke nasu, wurin matar malam ko wata tsohuwa mai karatu. Sana'a ma haka take. Baduku a gaban ubansa ya koyi yanka fata da ɗinki, maƙeri a gaban ubansa ya fara zuga. Ɗan falke kuwa bisa hanyar Kano da Agadas ya koyi lissafi, ba allo ba alli.

A ƙasar Sakkwato akwai misali babba. Damagaram dai ba ta bi Sakkwato ba, wajen Barno ta fuskanta, kuma har yau gabas almajiranta suka fi nufa. Duk da haka labarin ya isa a ji shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo wurin mahaifinsa ya karanta Alƙur'ani. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, a cikin gida ta yi karatunta. Da ta girma ta ga matan ƙauye ba su da hanyar zuwa makaranta, sai ta zaɓi dattijan mata, ana ce wa kowace jaji, ta koya musu, ta ba su malfa alamar aikinsu. Su kuma su koma garuruwansu su koya wa mata cikin gidaje. Su ne ake kira ƴan taru.

A arewa kuma, wajen Damargu da Azbin, Buzaye suna da nasu rubutu, Tifinar. Ba a gina masa aji ba, ba a naɗa masa mushe ba. Yawanci uwa ce ke zana shi da yatsa bisa rairayi a bakin tanti, yaro ya kwaikwaya, iska ta share, gobe a sake. Da haka rubutun ya rayu ɗaruruwan shekaru.

Sai dai tarihin yana da wani gefe mai ɗaci. Faransawa sun ci Damagaram a 1899. Garin ya zama babban birnin ƙasa har 1926, sa'ad da aka mai da mulki Yamai. Da suka buɗe lakwal suka ce a kawo yara, iyaye sun ƙi. Tsofaffi suna ba da labarin yadda ake ɓoye yaro cikin rumbu in an ji ɗan sarki ya shigo gari neman yara, da yadda manya ke tura ƴaƴan barorinsu a madadin nasu. Suna da hujjarsu: tsoron addinin yaro, da ƙin wanda ya ci su da yaƙi. Amma da aka samu mulkin kai a 1960, yaran Nijar da ke lakwal ba su kai 5 cikin 100 ba. Ɗan baran da aka tura ya zama akawu, ya zama tafinta. Wanda aka ɓoye cikin rumbu, shi ne daga baya ya riƙa yawo da takarda a hannu yana neman mai karanta masa. Wannan ya kamata mai niyyar riƙe ɗansa a gida ya tuna da shi.

To, yanzu a komo ga iyayen yau.

Abu na farko da ke ba masu gwadawa mamaki shi ne, yaro ya fi babba saurin kamawa. Uban da ya yi rani biyu yana fama da baƙaƙe a ajin manya, sai ya ga ɗansa mai shekara 6 ya riƙe a, e, i, o, u cikin ƴan kwanaki. Wannan yana da daɗi, kuma yana da tarko. Uba ya ga abu na tafiya, sai ya ƙara kaya. Yau baƙi biyar, gobe goma, jibi a ce yaro ya karanta takardar haraji. Yaro ya rikice, uba ya hasala, a kawo tsumagiya. Daga ranar da tsumagiya ta shigo, da yaro ya ga an ɗauko allo sai ya tuna akwai akuyar da ba a ɗaure ba. Mushe yana da yara 60 ko fiye a gabansa, ko ya yi fushi fushin ya rabu. Uba kuwa yaro ɗaya gare shi a gaba, duk zafin kansa yake sauka. Gidaje da yawa a nan karatun ya mutu, ba don yaro daƙiƙi ne ba.

Waɗanda abin ya yi musu kyau, kaɗan kaɗan suka bi. Rabin awa ya isa. Kuma lokaci ɗaya kullum, kamar yadda makarantar allo take da nata lokaci, da asuba da kuma bayan magariba. Karatun da aka ce sai an samu sarari, ba a samun sararin. Manomi ba shi da sarari daga shuka har girbi, da rani kuma ga garka, ga gyaran darni, ga kasuwa, ga suna da biki. Wanda ya ce tsakanin la'asar da magariba, ko bayan tuwon dare a gaban fitila mai caji da rana, ya tsaya a kan haka, shi ne ɗansa ke karatu.

Kayan aiki ba su da tsada. Ƙasar tsakar gida allo ce, tsinke alƙalami ne. A fara da sunan yaron kansa, don babu kalmar da ya fi so ya gani kamar ita. Daga nan sunan uwarsa, da na ƙanensa, da na garinsu. Sai kalmomi masu sauƙi irin su baba, kaka, dawa, wake, rago. In ya gane ba da ba su ne baba, ya kama bakin zaren: ba, be, bi, bo, bu. Baƙaƙen nan masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, a bar su sai ya saba da ƴan uwansu marasa ƙugiya, sa'an nan a nuna masa bambancin dawa da ɗawisu, da na kasa da ƙasa. Kaye da bik sai daga baya, in hannu ya faɗa. Abin karantawa kuwa yana nan ko'ina: buhun taki, kwalin sabulu, katin rigakafin jariri, rasit na kasuwar bisashe.

Akwai wata matsala da kusan duk mai gwadawa ke cin karo da ita. Uba Hausa ya koya a ajin manya. Lakwal kuwa, a yawancin wurare, da Faransanci take karatu. Baƙaƙen iri ɗaya ne a ido, amma ba duka ke faɗin abu ɗaya ba. Baƙin c a Hausa shi ne na ciki da cokali. A Faransanci wani lokaci k yake faɗi, wani lokaci s. Abin da Bahaushe ke rubutawa da u, Bafaranshe da ou yake rubuta shi. Shi ya sa aka ga Gure a allon bakin hanya an rubuta Gouré, Tanut an rubuta Tanout, Kance an rubuta Kantché. Yaro ya dawo daga lakwal, uba ya gyara masa, sai ya ce: "Baba, mushe ba haka ya ce ba." Uba ya ji kunya a gaban iyalinsa. Wani daga ranar ya naɗe tabarma, ya ce karatunsa na tsofaffi ba shi da amfani.

Kuskure ne ya bari. Ba shi da laifi, mushe ma ba shi da laifi, harshe biyu ne kowane da ƙa'idarsa. Abin faɗa wa yaro kaɗan ne: wannan na gida ne, wancan na lakwal ne. Yaron da ya san alif da ba na allo dabam suke da a da b na boko, ba zai kasa riƙe wannan ba. Kuma wanda ya iya karatu da harshen da ya sha a nono, ya riga ya gane sirrin, wato baƙi sauti ne, sauti da sauti kalma ce. Abin da ya rage masa koyon sabon harshe ne kawai. Wanda aka fara masa da Faransanci tsura kuwa, kaya biyu aka aza masa rana ɗaya. Hukuma ma ta daɗe da sanin haka. A nan Damagaram aka buɗe lakwal ta farko mai gwada karatu da Hausa tare da Faransanci, a shekarar 1973. A watan Maris na 2025 kuma, sabon kundin tafiyar da ƙasa ya ce Hausa ita ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki ne. Uban da ke koya wa ɗansa rubuta Hausa ba aikin banza yake yi ba.

Lissafi ma yana da irin wannan tarko, kuma nasa ya fi ban dariya. A kasuwa kuɗi da dala ake ƙirga su. A takarda da tamma ake rubuta su. Dala ɗaya tamma 5 ce. Abin da uwa ke kira dala ashirin, a lakwal 100 ake rubutawa. Dala ɗari 500 ce, jika kuma 1000. Yarinyar da ke tallar ƙosai ba ta taɓa ɓata canji ba, amma a ba ta alli a ce ta rubuta dala hamsin, sai ta rubuta 50, alhali 250 ce. Mushe ya ja mata jan bik, ta ɗauka ba ta iya lissafi ba. Nan ne gida ya fi lakwal iyawa. Uba ya zube kuɗi bisa tabarma, ya nuna mata lambar da ke jikin kowane, ta faɗi sunansa na kasuwa. Sa'an nan ya ce: a ce tiyar hatsi dala ɗari da ashirin ce, tiya uku nawa? Ta ce dala ɗari uku da sittin. To, a ninka sau biyar, a rubuta 1800. Yaron da ya iya wannan ba mai cutar ubansa a wurin awo, ko a wurin sayar da wake da gujiya. Iyaye da yawa a nan suka fara ganin ribar wahalarsu da idonsu.

Babbar magana kuwa ita ce ta uwa. Da an gama girbi, mazan ƙasar Magarya da Matamai da Mirriya da yawa sai su ɗauki jaka, ci-rani ya kira. Wani Kano, wani Legas, wani Agadas, wani har Libiya. Watannin da yaro ya fi samun sararin karatu, su ne watannin da uban ba ya nan. Wa ya rage a gida? Uwa. In ita ba ta iya ba, karatun ya bi maigida cikin mota. In ta iya, ko kaɗan ne, tana surfe yaro yana gefen turmi yana zana baƙi a ƙasa, ta leƙa ta ce wannan cikinsa baya ya kalla, juya shi. Ajin yaƙi da jahilci, wanda aka kafa hukumarsa a Nijar tun 1963, na maza da mata ne. Maigidan da ya hana matarsa zuwa, sa'an nan ya zo yana kukan ƴaƴansa ba su iya komai ba, shi ya toshe rijiyar da kansa.

Wayar salula ta kawo sauƙi ta wani gefe. A shekarun 2009 da 2010 an yi wani gwaji a ƙauyuka sama da 100 na jihohin Doso da Damagaram. Wasu azuzuwan manya an haɗa musu karatu da koyon aika saƙo a waya, wasu ba a haɗa ba. Waɗanda suka yi da waya sun fi cin jarrabawar rubutu da lissafi. Dalilin a fili yake, sun samu abin da za su yi da karatun kullum. Haka yaro ma. In shi ke rubuta lambar kawunsa, shi ke karanta saƙon da baba ya aiko daga ci-rani, ya ga karatu yana da aiki. Sai dai yanzu saƙon murya ya yi yawa, kowa danna ya yi magana. Mai son ɗansa ya iya, ya riƙa aiko masa da layi ɗaya a rubuce, ko da gaisuwa ce.

Ɗiya mace ita ce ake fi cewa a bar ta gida a koya mata. Nan sai an yi gaskiya. A gidaje da yawa, "tana karatu a gida" ma'anarsa tana daka, tana ɗiban ruwa, tana goyon ƙane, tana talla. Allon yana rataye a bango ƙura ta rufe shi. Shekara biyu uku sai a ji an sa rana. Uban da ya ce ba zai tura ɗiyarsa lakwal mai nisa ba don tsoron hanya, maganarsa abin saurare ce, hanya tana da haɗari. Amma sai a tambaye shi: awa nawa ta zauna da allo a makon nan? Tun watan Disamba na 2017 akwai dokar gwamnati da ta ce a kiyaye karatun ɗiya mace har ta kai shekara 16. Nana Asma'u ma da aka ce a gida ta yi karatu, karatun aka ba ta da gaske, ba turmi kaɗai ba.

Akwai kuma waɗanda ba lakwal, ba gida. An ɗauki yaro ƙarami an kai shi wani gari an bari, ko an tafi da shi bara. Mutanen Kance ba su manta da Oktoba ta 2013 ba, sa'ad da aka tsinci gawar mutum 92 cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara. A 2020 kuma, da korona ta zo, gwamnonin arewacin Nijeriya sun kwashe almajirai sun mai da su garuruwansu. Iyaye suka wayi gari da yara a ƙofar gida, wasu shekara da shekaru allonsu bai wuce inda aka fara ba. Neman ilimi a nesa al'ada ce mai daraja ga gardin da ya mallaki hankalinsa. Kolo mai shekara 6 kuwa, malamin unguwa da tuwon uwarsa sun fi masa.

Makiyayi nasa lissafin dabam ne. Ɗansa tun yana ƙarami makaranta yake, ta daji. Ya san kowace saniya da sunanta da na uwarta. Ya san ciyawar da ke sa nono da wadda ke kumbura ciki, ya san rijiya da nisanta, ya san hanya da taurari. Babu ajin da ke koyar da wannan. In aka raba yaro da garke shekara shida, wannan ilimin ya tafi, kuma ba lalle ya samu aikin ofis ba. Tsoron makiyayi ke nan, kuma ba tsoron banza ba ne. Amma fari na 1973 da na 1984 sun nuna garke yana iya ƙarewa cikin shekara ɗaya. Yau kuma ga takardar rigakafin bisashe, ga ta ƙetare iyaka, ga shari'ar burtali da gona, duka a rubuce. Nijar tana da lakwal ta makiyaya mai kantin, inda yara ke ci su kwana. Nijeriya ta kafa hukumar ilimin makiyaya a 1989. Duk da haka ba su isa ko'ina ba. Dabarar da wasu gidaje ke yi ita ce raba ƙafa: ɗaya ya tafi lakwal, saura su bi garke, in an yi hutun damina ɗan lakwal ya komo ruga ya koya wa ƴan uwansa abin da ya samo. Wa ya fi uba iya koya wa ƙane, don babu kunya tsakaninsu, kuma harshensu ɗaya.

A ƙasashen Turawa ma akwai masu karantar da ƴaƴansu a gida. A Amurka doka ta yarda da haka a jihohinta 50 duka tun 1993, kuma kafin korona yara kamar 3 cikin 100 a gida suke karatu. A Jamus an hana, dole yaro ya je makaranta. A Faransa, tun 2022 sai an nemi izinin hukuma. Amma kada a haɗa su da manomin Dungas. Su makaranta tana bakin ƙofarsu suka ce ba su so. Uwa ta yi karatu mai zurfi, gida cike da littattafai, ga lantarki, ga intanet, kuma akwai hanyar da yaro zai yi jarrabawa ya samu takardar shaida. Talakan Damagaram ba zaɓi ya yi ba, rashi ne ya sa shi.

Wannan takardar shaida ita ce iyakar karatun gida. Uba yana iya kai ɗansa ga karanta wasiƙa da lissafin kasuwa. Daga nan guzurinsa ya ƙare. Ba shi da Faransanci, ba shi da ilimin jikin mutum da na ƙasashe, ba shi da hatimi. Likita da malamin gona da malamin dabbobi duka ta lakwal suka bi. Jami'ar da ke Damagaram, wadda aka kafa a 2010, mai sunan André Salifou ɗan garin da ya rubuta tarihin masarautar, ba ta karɓar yaro don ubansa ya ce ya iya.

Ita lakwal ɗin ma ba ta isa ita kaɗai ba. Wani bincike da ake kira PASEC, wanda aka yi a 2014 cikin ƙasashe 10 masu aiki da Faransanci, ya nuna yaran Nijar da ke ajin ƙarshe na firamare, waɗanda suka iya karatu yadda ya kamata ba su kai 1 cikin 10 ba. Wato yaro yana iya shekara shida yana zuwa da komowa, bai iya karanta sunan garinsu ba. Uban da ya tura ɗansa ya juya baya, bai taɓa cewa kawo kayenka in gani ba, zai iya shan wannan mamaki. Ko bai iya Faransanci ba, yana iya duba ko an yi rubutu yau, ya ga kwanan wata, ya sa yaro ya karanta masa layi biyu ya fassara.

Yaron da shekarunsa suka wuce na shiga aji ɗaya, ba a ce ƙofa ta rufe masa ba. Akwai azuzuwan gaggawa da ake kira pasarel, wato gada. An fara irinsu a Mali a 2004, daga baya suka iso Nijar. Wata 9 ake yi. Watanni biyu na farko da harshen gida ake karatu, sauran da Faransanci. In yaro ya ci gwajin ƙarshe sai a sa shi tsakiyar firamare, ba daga farko ba. Wanda ya riga ya iya haɗa baƙi a gida, nan yake tsere wa sa'o'insa. Ba kowane gari ke da su ba, direktan lakwal mafi kusa shi ne abin tambaya.

Abin da ke tare yara da yawa a bakin ƙofa kuwa, takardar haihuwa ce. Yaro ya yi karatu, lokacin jarrabawa ya zo, a ce ina takarda, babu. In an yi haihuwa, a gidan likita ko a gida, a je a shaida wa mai rubuta haihuwa na gari tun da wuri. In lokacin ya wuce sai an bi ta wurin alƙali. Wani lokaci alƙalai kan fito ƙauyuka su yi wa jama'a takardun a taro ɗaya, maigari ne ke sanin ranar. Mai yaro ɗan shekara 6 ko 7 ya nemi takardar tun hatsi bai nuna ba, don rubuta sunayen sababbin yara da farkon Oktoba ake yin sa.